Gasasshen Burodin Modu

Gwange, daren Talata, Agusta 1961

Har yanzu raina a ɓace yake. Ashe tun da Baba ya kwanta rashin lafiya, ƙanena Modu, kukun Bature, ya hana a ba shi kunu, sai gasasshen burodi. Wai maigidansa in ba lafiya gasasshen burodi yake ci, ko man shanu babu, ya miƙe.

Na ce, "Modu, Baturenka kullum cikin nama yake! Wane ƙarfi ƙonannen burodi zai ba mutum?"

Tsohon da ya girma da shan nono, haƙora duk sun zube, yana ta tsotsar wannan abu don kada ya kunyata ɗansa. Duk ya rame.

Na sa matata ta dama masa kunu da nono. Ya shanye tas, ya raɗa mini, "Kada ka gaya wa Modu."