Kunyar 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Zuwa ga Hajiya, uwar 'ya'yana kuma abokiyar zamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, tare da fatan rahamar Ubangiji tana lulluɓe da makwancinki, ina sanar da ke cewa muna nan lafiya, ni da 'yarmu Asma'u da takwararki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma na saba kawo miki labari kafin kowa ya ji, kuma tsufa bai raba ni da wannan sabo ba. Labarin yau mai daɗi ne, saboda haka ki gyara zama kamar yadda kike yi idan na dawo daga makaranta da magana a bakina.

Bayan tafiyarki Asma'u ta ƙi yarda in zauna ni kaɗai a gidanmu na Kano. Ta nema mini biza, ta kawo ni Dubai, inda take aikin ba da magani a wani asibiti. Muna zaune a unguwar Port Saeed, a wani bene mai tsawo, kuma daga tagar ɗakina ina hangen jiragen ruwa na katako ana loda musu kaya. Da kin gani, da kin ce Kantin Kwari ce ta hau ruwa.

Zamanta da mijinta Kabiru ya ƙare. Ba zan tona abin da ya wuce ba, don ke ma ba kya son tone-tone. Ummi, wadda aka sa wa sunanki, ta zauna wajen uwarta. Tana da shekara shida yanzu, ga wayo, ga baki, kuma ta gaje ki wajen tsokanata. Ba ta kirana da komai sai Tsoho.

Ana nan sai Kabiru, wanda harkarsa ta aika kaya zuwa gida ta bunƙasa, ya kai ƙara kotun iyali. Ya ce aikin asibiti ya cinye Asma'u, yarinya ba ta samun kulawa, a ba shi riƙonta. Kotu ta turo wata jami'a ta duba gidajen biyu, ta rubuto wa alƙali abin da ta gani. An gaya mana cewa rahotonta yana da nauyi ƙwarai.

Ranar da za ta zo mun shirya mata kamar yadda ake shirya wa baƙo. Asma'u ta yi dambun nama da zoɓo. Ni kuwa na sa babbar rigata mai aska, wadda kika fi so, na zauna a tsakiyar falo, don a ganina zaman dattijo yana ƙara wa gida kwarjini. To, Hajiya, a nan muka yi kuskuren, kuma da zuciya ɗaya muka yi shi.

Ke kika reni Asma'u, kin san halinta. Ummi 'yar farinta ce, ga kuma sunan mahaifiyarta a kanta, ga ni ubanta a zaune ina kallo. Yarinya ta zo ta jingina da ita, sai ta ɗan ture ta a hankali, ta ce ta je wajen kakanta. Matar ta tambayi sunan yarinyar, Asma'u ta sunkuyar da kai ta miƙa mata fasfo. Ta tambaya ko tana ƙoƙari a makaranta, Asma'u ta ce ba laifi, alhali malamarta kullum yabonta take yi. Ummi kuma ta durƙusa har ƙasa ta gaida baƙuwar, idonta a kan kafet.

Ni fa daɗi nake ji. Ina cewa a raina, yau baƙuwar nan ta ga tarbiyya. Ta yi 'yan rubuce-rubucenta, ba ta taɓa zoɓon ba, ta tafi tun kafin ƙanƙarar cikinsa ta narke.

Da aka fassara mana rahoton, sai da na cire tabarau na goge na sake sawa. An rubuta cewa uwar ba ta da sha'awar 'yarta, tana ture ta, ba ta ko ambaton sunanta, ba ta yabonta. An rubuta cewa yarinyar a tsorace take, tana durƙusawa, ba ta iya kallon mutane. An ba da shawarar a mayar da ita wajen ubanta.

Daga rahoton muka fahimci cewa a gidan Kabiru yini ta yi. Kin san ya yi karatu a Sudan, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Abin da ya faɗa game da lokutan aikin Asma'u ta rubuta shi yadda ya faɗa, ba ta tambayi asibitin ba. Ba ta je makarantar yarinyar ba. Ba ta zo mana da tafinta ba, kuma ba ta tambaye mu dalilin ko ɗaya daga abin da ta gani ba. Ban ce ta ci amana ba, don ban shiga zuciyarta ba. Abin da na sani shi ne, kunne yakan karkata ga harshen da ya saba ji.

Na ji kukan Asma'u daga kicin, irin kukan da ake toshe baki da gyale. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa shiga in lallashe ta. Wannan aikinki ne, ni ban taɓa iya shi ba.

'Yan'uwanmu 'yan kasuwa da muke haɗuwa a masallacin Deira sun ba ni shawara, kuma don Allah suka bayar. Suka ce baƙo ba ya ja da hukuma, zamanmu a nan na biza ne, mu bar wa Allah. Na saurare su da ladabi. Amma a hanyar dawowa maganarki ta faɗo mini, wadda kike yi idan na so in haɗiye abin da bai kamata a haɗiye ba: "Malam, mai haƙuri ba bebe ba ne."

Muka sami wata lauya 'yar Sudan, mace mai fara'a. Da na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, sai ta dafe kai tana dariya, ta ce kakarta ma haka take. Ta sanar da mu abin da ba mu sani ba, cewa rahoto ba hukunci ba ne. Muna da damar mu rubuta cewa ba mu yarda da shi ba, mu nuna inda ya gaza, mu roƙi a turo wani ya sake dubawa.

Da farko ta so Asma'u ta koyi rungumar yarinyar a gaban mutane, ta riƙa kiranta da sunanta na yanka. Hajiya, da kina nan da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Asma'u ta buɗe hannuwa kamar mai shirin ɗaukar buhun gero, ta matso a sandare. Ummi ta ja da baya, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Mama, ba ki da lafiya ne?" Sunan kuwa ya ƙi fita sam. Lauyar ta ɗaga hannu ta ce khalas, wato shi ke nan. Ba za mu ɓoye al'adar ba, za mu yi wa alƙali bayaninta.

Ranar zama na farko na sake sa rigar nan. Alƙalin dattijo ne, mai sauraro da natsuwa. Lauyarmu ta jero masa abubuwan da jami'ar ba ta bincika ba. Sannan aka ba ni dama, na yi bayani ta bakin tafinta, kamar yadda nake yi wa 'yan aji bakwai a da. Na ce a wajenmu uwa tana ɓoye son ɗan farinta a gaban manya kamar yadda ake ɓoye abu mai tsada. Na ce durƙuson yaro girmamawa ce. Na ce da ban zauna a falon ba, da matar ta ga wani gida dabam.

Ya ce ya ji, amma ni uba ne, dole in kare 'yata. Wa zai tabbatar da wannan al'ada wanda ba na ɓangarenmu ba?

Sai na roƙi arzikin a yi wa Kabiru tambaya ɗaya. Kin tuna shi ma ɗan fari ne. Kin tuna lokacin biki, yadda mahaifiyarsa take kewaye sunansa kamar mai kewaye rijiya, har kika zungure ni kina murmushi. Na ce a tambaye shi ko mahaifiyarsa ta taɓa kiran sunansa.

Ya miƙe tsaye. Yana iya yin ƙarya, kuma babu mai kama shi a wannan ɗaki. Na san riƙon Ummi yana rataye a harshensa. Sai ya amsa da Hausa, kamar ya manta da Larabcin.

"Ba ta taɓa ba, ranka ya daɗe. Har yau 'mutumin Dubai' take ce mini."

Da tafinta ya fassara, alƙali ya ɗan murmusa. Ya tambaye shi ko hakan yana nufin ba ta son sa. Kabiru ya sunkuyar da kai, ya ce duk duniya babu mai son sa kamarta.

Ina so ki san wannan game da yaron nan, Hajiya. Ya ɓata mana rai, amma da aka zo kan uwarsa bai iya yi mata ƙarya ba. Tun daga ranar na daina jin zafinsa.

Alƙali ya ajiye rahoton gefe. Ya ba da umarni a turo wata jami'ar dabam tare da tafinta, a je makaranta, a je asibiti. Lauyarmu kuma ta ba da nata umarnin, wanda ya fi na alƙali tsanani: ranar da za a zo, kada a ga ko hulata a gidan.

Haka aka kore ni daga gida da tsufana. Takwararki ce ta raka ni har bakin lifta, tana tura ni da hannu biyu tana cewa, "Yalla, Tsoho, je ka kalli jiragenka." Na zauna a bakin ruwa ina shan shayi mai madara, ina kallon masu dako, ina jan carbi. Ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.

Daga baya lauyar ta ba ni labarin abin da aka tarar. An sami Ummi kwance a cinyar uwarta ana yi mata kitso, tana ƙorafin an ja mata gashi, uwar tana lallashinta da waƙar nan da kike yi wa Asma'u. Yarinyar ta zagaya da baƙuwar ko'ina, ta nuna mata littattafanta, ta kuma tona asirina cewa ina ɓoye dabino a aljihun riga. Wannan baƙuwar ta sha zoɓon, har ta nemi ƙari.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

A zaman ƙarshe alƙali ya ce Asma'u ta faɗi da bakinta cikakken sunan yarinyar da take neman riƙonta, don a rubuta. Ba da mugunta ya faɗa ba, ƙa'ida ce. Na ga ta waiwayo ta dube ni. Na gane, na yunƙura in fita in ba ta wuri, amma kin san gwiwoyin nan ba sa gaggawa. Ban kai ƙofa ba na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa.

"Rabi'atu."

Na tsaya cak, hannuna a kan sanda. Rabona da jin sunan nan a bakin wani nawa tun ranar da aka yi sanarwar rasuwarki. Ita kuwa tun da ta fara magana a duniya ba ta taɓa furta shi ba sai ranar. Na ji kamar an kira ki kin amsa daga wani ɗaki. Ban juyo ba sai da na gyara fuskata.

Hukunci ya fito: Ummi za ta ci gaba da zama wajen uwarta, ubanta yana ɗaukarta ranakun hutun ƙarshen mako. A bakin kotu Kabiru ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, a gaban Larabawa da Indiyawa suna wucewa suna kallo. Na sa masa albarka, kuma har zuciyata na sa.

A mota Asma'u ta ce, "Baba, na kira sunan Mama." Na ce mata na ji. Ta ce in roƙa mata gafararki. To ga shi na roƙa, ko da yake na san amsarki. Za ki ce yarinyar nan ta cika wauta, sannan ki juya ki share ido da bakin zane.

Da yamma ta tuƙa mana tuwo da miyar kuka, da kukar da wani ɗan kasuwa ya kawo mana daga gida. Muna ci Ummi ta matso ta jingina da ita. Asma'u ta ture ta da gwiwar hannu, ta ce ta je wajen kakanta, kamar dai ba a taɓa zuwa kotu ba. Amma na lura ɗaya hannun yana riƙe da gefen rigar yarinyar, ta ƙasa, inda take zaton ba na gani. Na mai da idona kan tuwona. Ni ma ai har yau ban rubuta sunan babban yaronmu a wasiƙa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Allah Ya jiƙan ki, Hajiya, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya raya takwararki bisa tarbiyyar da kika bari, Ya shirya tsakanin iyayenta, Ya saka wa duk wanda ya saurare mu da alheri. Idan tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu inda babu rabuwa.

Naki har kullum,
wanda ke ma ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Malam