Rasuwar Kaftin Bunyaminu da Bargunan da Ya Bari a Murahunmu

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Mata Masu Bandar Kifi ta Bagudo da Kewaye, ƙarƙashin Uwar Ƙungiya da majalisar dattijanta, ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiyarta, uba ga ƙananan cikinmu, ɗan'uwa ga manyanmu, Alhaji Malam Bunyaminu Usuman, wanda gari da ƙetaren iyaka suka fi sani da Kaftin, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata bayan sallar azahar, a gidansa na bakin gulbi, yana da shekara sittin da tara, bayan jinyar wata goma sha huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a ranar, kafin rana ta faɗi, kamar yadda addini ya tanada.

A madadin matanmu na Bagudo, da na Lafagu, da Sharabi, da Matsinkai, da waɗanda aure ya kai ƙasar Benin, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya Iyatu, da babbar ɗiyarsa Malama Fauziyya da ƙannenta, da Sarkin Ruwa da ɗaukacin Sarkawa, da limamai da dattawan unguwa waɗanda suka tsaya a kansa har aka rufe shi.

Marigayi ba kaftin ba ne, kuma bai taɓa cewa shi kaftin ne ba. Ni Safina, mai rubuta wanga saƙo, ni na laƙaba masa, domin taubashina ne, ɗan kawuna, tsiya halal ce tsakaninmu tun muna wanka a gulbi ɗaya. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya tafi Ikko, ya samu aiki wajen wani ɗan kwangila mai gyaran jiragen yaƙi a sansanin sojan ruwa. Mu a nan muna zaton yana tsaye bisa kan jirgi da farar hula. Ashe a can ƙarƙashi yake, cikin ɗakin inji, yana kware tsohon naɗin da ke jikin bututun tururi, yana naɗa sabo. Ya sha ba mu labari cewa in sun fito sai ka rantse cikin buhun fulawa suka faɗa, ba takunkumi, ba komai, sai gwangwanin madara da ake miƙa wa kowa wai ta wanke ƙurar daga maƙogwaro. Shekara goma sha tara ya yi a haka. Nakan ce masa ban taɓa ganin ɗan Sarkawa irinsa ba, ya je har teku bai ga ruwa ba, ya dawo ko tarwaɗa ɗaya bai riƙo ba. Sai ya yi dariya ya ce ni kuma kifin da nake bandarwa ya fi ni kyan fata.

Da ya dawo gida bai zauna ya miƙe ƙafa ba. Shi ya yi ta zirga-zirga har ƙungiyar nan ta samu rajista, shi ya koya mana ɗora ragar ƙarfe a kan murhu maimakon itacen da ke cinyewa, shi ke raka matanmu kasuwar Lolo lokacin da masu saye daga ƙetare ke raina mana kwando. Ba a taɓa jin ya ɗaga wa mace murya ba, sai ni, ni ma da dalili.

Akwai kuma alherin da ya fi kowane suna, kuma shi ya sa wanga saƙo ya yi tsawo fiye da yadda aka saba. A shekarun da yake Ikko gobara ta addabi rumfunan banda. Man kifi ya ɗiga, wuta ta tashi, ta kama tabarma ko buhun da muka rufe kifin da shi, kafin a ɗebo ruwa wahalar mako ta zama toka. Wani zuwa hutu sai ga shi da naɗin wani farin ƙyalle mai kauri, ragowar abin da suke naɗe bututu da shi, shugaban aikinsu ya bar masa. A gabanmu ya shimfiɗa shi bisa garwashi, muka tsaya muna jira ya kama, ya ƙi. Muka rangaɗa guɗa. Daga ranar sunansa bargon Kaftin. Ni na yanka shi, da wuƙar fawa domin almakashi ya kasa, na fitar da yanki goma sha bakwai, wani farin gashi yana tashi kamar audugar rimi yana sauka a ɗankwalayenmu, muna dariya. Da shi muke rufe kifi hayaƙi ya zauna. Kowace safiya kuma mace ta rataye nata ta bubbuge shi da sanda don toka ta fita, jikoki na rarrafe a gefe. Har cikin kayan ɗakin ɗiyanmu muka riƙa sa shi, domin uwar da ta ba ɗiyarta bargon Kaftin ta ba ta sana'a.

Bara da kaka marigayi ya fara haki in ya hau gangaren gulbi. Sai tari, sai ciwo a haƙarƙarin dama. Aka ba shi maganin tarin fuka wata shida, yana sha yana ramewa. Da aka kai shi babban asibiti a Sakkwato aka zuƙe masa ruwa daga ƙirji, ya sake taruwa, aka sake zuƙewa, sannan aka tsakuro ɗan nama aka auna. Likita bai tambaye shi abin da ya ci ko ya sha ba, sai ya tambaye shi aikin da ya yi shekara talatin ko arba'in da suka wuce. Ya ce ciwon daji ne na tantanin da ya lulluɓe huhu, sunansa mesoteliyoma, kuma kusan duk mai shi ya taɓa shaƙar ƙurar asbesto, wato abin da ake saƙa irin wancan ƙyalle da shi. Ya ce ƙurar ba ta narkewa, ba ta fita, kwanciya take a ƙirji shekara da shekaru kafin ta tashi, in ta tashi kuma sai dai a rage wa mutum raɗaɗi. Malama Fauziyya ta shaida mana cewa mahaifinta bai tambayi kwana nawa suka rage masa ba. Abin da ya tambaya shi ne, wanda bai shiga jirgi ba amma ya kakkaɓe ƙyallen fa? Likita ya ce shi ma bai tsira daga haɗari ba.

Kwana tara kafin rasuwarsa na je gaishe shi da hantsi, an jingina shi da matasai uku domin ba ya iya kwanciya. Na ce masa Kaftin ya zama sarki, sai an tokare shi. Bai rama ba, kuma ranar ce ta fari da bai rama ba. Ya jima yana tara numfashi, sannan ya ce, "Safina, ki karɓo mini bargunan nan. Na ɗauka alheri na kawo muku."

To, ga inda maganar diyya take, domin an cika gari da ƙarairayi. Lauyan da iyalin suka samu, ta hanyar wata ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan tashar jirgi, bai yi wa kowa alkawari ba. Ɗan kwangilar da ya ɗauki marigayi aiki ya mutu, kamfaninsa ya watse, babu wanda za a kai ƙara. Neman haƙƙin wanda aiki ya nakasa yana son takardun ɗaukar aiki, su kuwa gara ta cinye su a akwati tun ambaliyar da ta shiga unguwar. Abin da ya rage shi ne masu saƙa ƙyallen a ƙasar waje, waɗanda ya ce wasu cikinsu an tilasta musu ware kuɗi domin waɗanda kayansu suka halaka. Ya ce bai san ko za su saurari mutumin Bagudo ba, amma ko sallama ba za a yi musu ba sai an san sunan masaƙar. Sunan kuwa yana jikin tambarin da aka buga a bakin naɗin da ya kawo mana, wuri ɗaya tak. Takardar likita na hannu, abokan aikinsa biyu da suka rage da rai sun yarda su yi shaida, tambarin kawai ake jira, kuma lauya ya ce irin wagga magana tana da wa'adi, zai zo addu'ar arba'in ya tafi da abin da ya samu. Hajiya Iyatu ta sayar da jirgin inji da gonar fadama a wagga jinya, ga kuma marayu huɗu da ba su gama makaranta ba. Ita ce kuma ta wanke kayan aikinsa shekara goma sha tara, ta kakkaɓe su kafin ta jiƙa.

Cikin yanki goma sha bakwai, shida aka dawo da su. Wata baiwar Allah a Sharabi da tsoro ya kama ta ta jefa nata a gulbin da muke sha. Wata ta cusa nata a wuta, ta manta dalilin da ya sa muka yi masa guɗa. Sauran sun ɓoye, wasu na cewa shekara talatin suna bugunsa ko atishawa ba su yi ba, wasu sun ji an ambaci diyya sun ɗauka bargo ya zama zinari. Ƙungiya na sanar da kowa cewa ba a sayensa, ko sisi. Wadda ke da shi kada ta kakkaɓe, kada ta yanka, kada ta goge. Ta yayyafa masa ruwa har ya jiƙe sharkaf, ta naɗe a hankali, ta sa a leda biyu ta ɗaure, ta kawo rumfar ƙungiya inda muka ajiye duro mai murfi, ba gidan makoki ba. Malamin tsafta zai faɗi yadda za a yi da su. Wadda ta daɗe tana bugunsa, in tana jin haki ko tari, ta je a ɗauki hoton ƙirjinta, ta gaya wa likita gaskiyar abin da ta shaƙa. Nawa shi ya fara shiga duron, hotona kuma an ɗauka, an ce in koma bayan wata uku.

Yankin da ke da tambarin ba ya cikin shidan, kuma na san inda yake. Wata 'yar ƙungiyarmu, marigayiya uwar Husna, ce ta same shi wajen rabo, har ta yi mini mita kwana uku wai na ba ta mai baƙin zane, wato tambarin. Ya bi Husna gidan aure, ƙauyen da ke gaba da Lolo cikin ƙasar Benin. An aika sau biyu, angon nata, wanda nake tsokana da kiran mijina tun yana zuwa zance da takalmin aro, ya ce sai an faɗa masa rabonsa. Mijina, rabonka shi ne matarka ta daina shaƙar wanga abu a kan murhu, da goyo a bayanta.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa Alhaji Malam Bunyaminu Usuman, Ya sa numfashin da ya yi ta nema wata goma sha huɗu ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinsa, Ya karɓi niyyarsa, domin niyyar alheri ce. Majalisar ƙungiya ta zauna, kowace mace ta furta da bakinta cewa ta yafe masa. Allah Ya ba Hajiya Iyatu juriyar takaba da lafiyar ƙirji, Ya ba Malama Fauziyya da ƙannenta haƙuri da dangana, Ya raya marayu, Ya kare waɗanda suka shaƙa ba su sani ba, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

A ƙarshe, ƙungiya na sanar da gidan su Husna cewa ranar Alhamis mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan shiga jirgin safe da bokiti da leda biyu. A shimfiɗa mini tabarma a inuwa, a sa tuwon ya yi laushi domin haƙorana sun ƙare, kuma a ƙara hatsi, don ba zan taso ba sai da bargon.

Sa hannu:
Hajiya Safina Abu Bagudo
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Mata Masu Bandar Kifi ta Bagudo da Kewaye