Kitson 'Yar Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon ƙafar nan? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, abin da zan faɗa miki kada ki yi mini dariya. Kishi nake yi, kuma ba da wata mace ba. Da mijina nake yi, da 'yar da na haifa.

Kin san tun da na samu aiki a shagon magani sai yamma liƙis nake dawowa. Shi kuwa Tela shagonsa a ƙofar gida yake, yarinyar nan a gindin kekensa take wuni, tana tsince ƙyallaye. Unguwa duk 'Yar Baba ake ce mata, kamar ni a hanya na tsince ta. In ta faɗi, ko ina tsaye a gabanta, sai ta kewaye ni ta tafi wurinsa da kukanta.

Duk wannan na haɗiye. Amma yanzu wai kitso ya koya! Namiji da gemunsa, ya zaunar da ita tsakanin ƙafafunsa, tsinke a baki, yana tsaga yana mata waƙa. Kuma abin haushin, ya iya. Hannun da ya saba da zare ai ba ya jan gashi.

Ke kaɗai kika san lokacin da muke amarci shi yake tsefe mini kai, yana zolayata wai gashina ya fi zaren buhu taurin kai. Rabon da ya taɓa kaina har na manta. Jiya na wuce ta gabansa babu ɗankwali da gangan, ko ɗagowa bai yi ba, yana neman ribbon ɗin ɗaure gashinta a cikin aljihun keke.

Ranar hutuna ni zan yi mata kitso da kaina. Ai ni ce uwar.

Ki gaida mini yara.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, na ji kin ce in gode wa Allah da Ya ba ni miji mai son 'yarsa. Na gode Masa, Yaya, amma ki ji ƙarshen zancen.

Na yi kitson. Ƙanana na yi mata, irin wanda Inna take mana, na zuba duk iyawata. Ina cikin yi na ji wuyan yarinyar nan ya sandare a hannuna. Da na gama ta ce ta gode, ta fice. Raina fari tas, na ce yau dai na karɓi 'yata.

Washegari da na dawo daga aiki ta rugo ta rungume ni, abin da ba ta saba ba. Na shafa kanta, sai na tsaya na duba da kyau. Kitson yana nan yadda na tsara shi, layi bai ɓata ba, amma ba hannuna ba ne. Nawa yakan kama fata. Wannan sakwa-sakwa yake, jelar kuma an naɗe ta da baƙin zaren ɗinki.

Maƙwabciyarmu ce ta ƙarasa mini. Wai yarinyar ta kasa ɗora kai a matashi don zafi, ina fita ya tsefe shi, ya sake kitsawa ɗaya bayan ɗaya yana bin tsagata don kada in gane. Ya rufe shago rabin wuni, mai kaya yana ta masa masifa a waje. Ya kuma ja mata kunne kada ta faɗa mini, wai Mama za ta ji ba daɗi.

Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Su biyu sun haɗa kai suna lallaɓa ni a gidana kamar baƙuwar da ake gudun ta yi fushi. Yarinyar da ko takalmi ba ta iya sawa daidai ba, har ta iya tausayina.

Ban nuna na sani ba. Ɗazu matar mai gidan haya ta tare mu a ƙofa tana yaba kitson, tana cewa hannuna akwai albarka. Tela ya sunkuyar da kai kan kekensa, yarinyar ta ɗago tana kallon bakina. Yaya, na buɗe baki na ce na gode.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta