Katin Jinin da Ya Yaudare Mu a Urafane

Zuwa ga mai girma babban likita mai kula da lafiyar yankinmu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya haƙuri da wannan shekara da damina ta yi mana rowa. Sunana Hajara, daga Urafane.

Na farko, ba zan ɓoye ba, kishi ne ya sa ni rubutu. Maƙwabcina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mushe muke ce masa. Jikokinsa na tsere a ƙofar gida, tawa jikar Rabi kuwa tana kwance tana kukan ƙashi, amosanin jini ya hana ta sakat. In na ji dariyar yaransa sai kishin ya taso mini. Ina istigfari, amma bai tafi ba.

Kuma ba gwaji muka ƙi ba. Kafin ɗana Laminu ya auri ɗiyar wana, sun je likita sun ce a gwada musu jini. Aka ba su kati mai harafin O, dattawa suka ce jini ya zo ɗaya, muka rangaɗa guɗa. Sai da hannuwan Rabi suka fara kumbura majo, babban ma'aikacin jinya, ya gaya mana wancan katin na ƙarin jini ne kawai. Gwajin da ke nuna wanda ya gaji ciwon daban yake, kuma ba wanda ya tambaye su wanne suke nufi. Mushe yana da ƙane a Yamai, wanda ya san sunan gwajin da Faransanci, shi ya sa ɗiyan mushe suka yi na gaskiya. Ashe sanin ma sai mai uwa a gindin murhu.

Na biyu, tun da sojoji suka karɓi mulki rediyo ba ya gajiya da sanarwar tsaro da hatsin taimako, amma ban taɓa jin an ce ga gwajin, ga inda ake yin sa ba. Mai maganin kasuwa da lasifikarsa ya fi ku murya. Wani ya ce mini a Tasawa ake gwajin, wani Maradi, wani ya ce sai Yamai.

Yanzu autata Zeinabu ke shirin auren ɗan ƙanwata na Issawane, suna son juna kamar me. Rumbu ba komai, akuya guda ta rage wadda zan sayar su yi tafiya. In akuyar ta tafi a gwajin banza, ba ni da wata.

Ina roƙo, ranka ya daɗe, a faɗi sunan gwajin da wurin yin sa a rediyo, da Hausa. A kuma umarci ma'aikata su riƙa tambayar masu shirin aure abin da suka zo nema. Dangin ango sun fara cewa ina ja musu rai, ni kuwa ba zan sa rana ba sai na ji daga gare ku.

Allah ya taya ku riƙo, ya tsare zuri'arku daga ciwon da nake jinya.

Wassalam,
Hajara, kakar Rabi.