Guzurin da Ka Ɗaure Mani

Zuwa ga Yaya Ma'azu, a Bambeye.

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina matarka Hajaratu da yara? Ni lafiya lau, muna bisa hanyar Agadas a ƙasa, inda rana ta faɗi nan muke kwana.

Na gode da guzurin da ka ɗaure mani. Ka san al'adar tafiya, a cinye na ɗaya kafin a kwance na ɗayan. Mun fara da gumbar abokina Ciɗo, bai hana ni ko loma ba. Bayan mun wuce garin Barmu na kwance nawa. Garin da Inna ta daka tafi biyu ne a sama, ƙasa duk dusa. Ciɗo ya ce, "A gidanku jaki suka ɗauke ka?"

Kada ka damu, daji na ciyar da mu da fara da aduwa, da anza in ta jiƙu ɗacinta ya fita. Ciɗo dai yunwa ba ta bar shi ya jira ta jiƙu ba, ya ci ta haka nan. Na baro shi a wata ruga, ba ya gane mutane.

Kada Inna ta ji. Dusar tana nan, ban zubar ba. In Allah ya maido ni, Hajaratu ta dama mana a ƙwarya ɗaya, kai za ka fara sha.

Allah ya ƙara wa rumbunka albarka.

Ƙanenka Almustafa,
Abalak, 1964