Ayisha Ta Rubuta Garinta

Nima, Akara
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yaya Ɗanbala,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Yaya jikin Inna? Yaya yara da mutanen Maraɗi? Mu ma lafiya lau, gadin makarantar nan dai nake yi, ƙafar ma da sauƙi in ba tsayuwa ta yi yawa ba.

Yaya, na ce maka bayan Sallah za mu dawo gida gaba ɗaya. To, makon jiya wata marubuciya ta zo makarantarmu, ta karanta wa yara littafinta, sannan ta ce kowa ya rubuta labarin garinsu. Ina bakin taga ina jira in ji 'yata Ayisha ta ambaci Maraɗi. Sai ta rubuta Nima: lungunmu, da mai sayar da koko a unguwar Maamobi, da kabarin mahaifiyarta.

Matar ta karanta shi gaban kowa, har ta nemo ni ta ce, “Baba, kada ka cire yarinyar nan daga makaranta.”

A hanya na ce, “Ayisha, ai Maraɗi ne garinmu.” Ta ce, “Naka ne, Baba. Ni ban taɓa ganinsa ba.”

Ba zan iya tafiya in bar ta ba, kuma zuciyata ba za ta bari in ɗauke ta daga nan ba. Ka lallashi Inna, ta yafe mini. Ɗakin da kuka ajiye mini shekara goma sha biyu, a ba wani ya shiga.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Lauwali