Zuwa ga Abban Sumayya, Masanin Watannin Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai masaukinka Malam Nuhu da iyalinsa. Mu a nan Cheras ta Malesiya lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Sumayya tana gaishe ka. Jaririyarmu Walida ma da ta iya magana da ta gaishe ka, ko da yake ban tabbata ta san wa za ta gaisar ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a shafina, inda kowa zai karanta, alhali kullum muna waya. Kai ka jawo. Jiya ka rubuta a naka shafin cewa duk mai niyyar zuwa Landan ya tuntuɓe ka, don ka ga garin a kowane wata na shekara, ka san wanda ya fi daɗi. Jama'a suka yi ta sa maka albarka. Wani ya ce ka rubuta littafi. Wata baiwar Allah kuma ta ce wallahi matarka ta more. To, tunda a bainar jama'a aka ce na more, a bainar jama'a zan ba da labarin morewar.

Ka tuna yadda aka fara. A Fabrairun bara malaminka ya tura ka wata jami'a a can, ka yi aiki da na'urorin ɗakin gwajinsu don ka ƙarasa binciken digirinka na uku. Sati shida, in ji ka. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, na ce ko za ka dakata sai na sauka. Ka yi dariya ka ce, "Haba Maman Sumayya, kafin ku cinye buhun shinkafar nan na dawo." Buhun ya ƙare, an sayi wani, shi ma ya ƙare. Na daina lissafi.

A Maris annoba ta yi ƙarfi, aka rufe Malesiya. Aka ce baƙo ba zai shigo ba ko da ɗalibi ne, Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta, ka maƙale a tsakiya. Mu kuma aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita cefane daga kowane gida, wai maigida. Na leƙa falo, na leƙa ɗaki, ban ga maigida ba sai hotonsa a bango. Na sa takunkumi na bi layin kanti, daga ni sai maza, kowa da waya a hannu matarsa tana koya masa bambancin citta da kurkur. A hanyar dawowa ɗan sanda ya tsayar da ni a shinge ya tambaye ni ina mijina. Na ce yana Landan. Ya dubi cikina, ya dube ni, ya girgiza kai ya ce in wuce.

Na iso gida ledoji sun shata mini yatsu, na zube a kujera na buɗe waya. Sai ga ka a wani lambu, furanni ruwan ɗorawa sun rufe ƙasa, ka rubuta wai sanyi ya fara sassautawa, itatuwa na toho. Na daɗe ina kallon hoton nan. Na rufe wayar na ajiye, don uwata ta koya mini kawaici.

Da azumi ya kama, kai ne mai ƙorafi. Rana ba ta faɗuwa a Landan, ana sahur tun dare bai raba ba, ba a shan ruwa sai wajen tara. Na tausaya maka, Allah ya sani. Amma lokacin da kake gama sahur ka kira, mu a nan hantsi ya dubi ludayi, Sumayya tana tsakiyar darasi a wayata, don ita kaɗai ce wayar gidan. Kiranka ya shigo, malama ta ɓace, yarinya ta sa kuka. Na faɗa maka, ka ce ka gane, washegari ka sake. Kuma me za ka gaya mini? Wai ka tsaya a kan gadar da ke kusa da babban agogon nan, ba kowa sai kai da tattabaru, gari ya zama naka. Mu ko kasuwar azumi ta Kampung Baru ba a ci ba a shekarar. Faten shinkafar nan da masallacinsu ke rabawa, wanda kake ja mu mu bi layi a kansa duk shekara, shi cikina ya riƙa nema, na kwana na tashi da kwaɗayinsa ban samu ba.

A Yuni ka ce lallai a Yuni za ka kai ni can, rana har goman dare, kowa a waje. Da Satumba ta zo ka ce a'a, Satumba ta fi, ba zafi ba sanyi. A Disamba ka ce sai na ga fitilun da suke ƙawata tituna da su. Da baki ka kai ni Landan a watanni daban-daban, ni kuwa iyakata kedai, wato ɗan shagon ƙasan benenmu, in sayo burodi da madara in dawo.

Amma bari in koma Yuli, don shi ne watan da na fi son ka sake ji daga bakina.

Bayan la'asar naƙuda ta taso, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na kira ka, na sake kira, wayarka ba ta shiga. Daga baya na ji kana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, kan hanyar neman takardar izinin dawowa. Ban ga laifinka ba, amma a lokacin ban san haka ba. Na dafa bango na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarmu Kak Rohana, dattijuwar nan da ta yi ritaya daga koyarwa, wadda kafin ka tafi gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita a lif ɗin hawa bene. Tana ganina ta ce, "Boleh, boleh," wato ba komai, za a iya. Ta ja Sumayya ta damƙa wa 'yarta, ta ɗauko mukullin mota.

A ƙofar asibiti aka tsayar da ita, doka ta hana rakiya. Ni kaɗai na shiga. Duk wanda ya zo kaina idonsa kawai nake gani. Cikin zafin naƙuda na riƙa ambaton Ummata, wadda take Kano da akwatinta a ɗaure tun watanni tana jiran a buɗe hanya. Na kira ka kai ma, da sunanka na yanka, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

Da aka haife ta ne wayarka ta shiga. Wata nas ta kara wayar a kunnen jaririya don ka yi mata kiran salla. Ka fara, muryarka ta karye, ka sake farawa daga farko. Nas ɗin ta juya fuskarta gefe. Wannan kam ban ga ka rubuta shi a shafinka ba.

Kak Rohana ce ta yi mini jego. Ashe su ma suna da nasu wankan: ruwan zafi da ganyayyaki, ta ɗaure mini ciki da wani dogon ƙyalle har numfashi na gagara, ta hana ni ruwan sanyi, in na yi gardama ta harare ni kamar Umma. Matan 'yan'uwanka ɗalibai suka riƙa aiko da kunu da farfesu a ajiye a bakin ƙofa. Ragon suna a Kano aka yanka, aka sa wa yarinya sunan Hajiyarka muna kiran ta Walida, muka ga naman a hoto. Kai kana Landan, rago yana Kano, mai suna tana Cheras.

Satumba kuwa ba na son tuna ta. Izini ya fito, ka yanki tikiti. Sumayya ta zana maka barka da zuwa a kwali ta manna a ƙofa. Ni ma ba zan ɓoye ba, na nemo mai lalle. Ana saura kwanaki kaɗan aka sanar cewa masu zuwa daga ƙasashen da cutar ta yi yawa ba za su shigo ba, kuma Birtaniya na ciki. Lallen ya goge a hannuna wajen wankin kayan jariri. Bai fi mako biyu ba sai ga ka a shafi, ganyaye ja da ruwan goro sun zube a ƙafarka, kana bayanin kyan kaka a Turai. Rannan kawaicin ya ƙare, na yi wurgi da wayar kan kujera, Allah ya sa ba ta fashe ba.

Tun daga lokacin Sumayya ta daina rugowa in ka kira. Na yi mata faɗa, ta amsa mini da Turanci wai ta gaji da Abban waya, na gaske take so. Na ce ta faɗa da Hausa, ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Tak mau lah," wato ba ta so. Yarinyar da ka bari tana jin Hausa rangaɗau, yanzu da Malayanci take ƙin maganata.

A Nuwamba ka ce ƙarfe huɗu dare ya yi, wai kafin in gama tuwo da miya kai ka yi azahar da la'asar da magariba. Na ce Allah ya karɓa.

Sai Janairu. Hotuna suka tsaya cak. Ka daina kiran bidiyo, ka ce kyamarar ce ta lalace. Daga nan muryar ma ta ɗauke, sai rubutu gajere gajere, wai aiki ne ya yi yawa. Ka manta ni ce matarka? Mutumin da ke ɗaukar hoton tattabara ba zai yi shiru don aiki ba. Na kira Anti Bilki, matar Malam Nuhu, na haɗa ta da Allah. Sannan ta ce cutar ce ta kama ka. Kana kulle a ƙaramin ɗakin nan na sama, a bakin ƙofa suke ajiye maka abinci, kuma akwai ranar da numfashinka ya yi ƙasa har sai da motar asibiti ta zo. Ka roƙe su kada su gaya mini.

Abban Sumayya, wannan ya fi komai ɓata mini rai. Ni da na shiga ɗakin haihuwa ni kaɗai a ƙasar da ba tawa ba, ni ce kake ganin ba zan iya ɗaukar labarin ciwonka ba? Da wani abu ya faru, da a bakin wa zan ji? Da me zan gaya wa Hajiya?

Anti Bilki ba ta tsaya nan ba, tunda bakin ya buɗe. Ta ce yawon nan da kake yi ba na daɗi ba ne. Ɗakin ne ba ka iya zama a cikinsa, sai ka fita tun safe ka yi ta tafiya a ƙafa, ko ana ruwa ko ana sanyi, ka dawo ka kasa cin abinci. Ta ce ta taɓa hango ka a bakin filin wasan yara na unguwarsu, ka tsaya jikin shingen waya kana kallon 'ya'yan mutane. Ta ce akwatinka ya cika da kayan jarirai, kowane wata sai ka sayo daidai girman da kake zaton Walida ta kai, watan ya wuce ba ka taho ba, ka sake sayo na gaba.

Na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Sumayya ta ji ni.

Me ya sa ba ka faɗa ba? Shekara guda kana turo mini furanni da fitilu, ina nan ina cika ina batsewa, ina zaton kana can kana shan iska. Da ka ce mini yau na kasa cin abinci, da na ce ni ma haka, mu yi kukanmu tare mu share hawaye. Ka zaɓi ka nuna mini gefen da ya yi kyau don kada in damu. Na gode da niyyar, amma ka sani ban taɓa jin kaɗaici kamar ranakun da ka fi yin murmushi a hoto ba. Kada ka ƙara yi mini irin wannan kirkin.

Yanzu ga shi izini ya sake fitowa, ka ce mako mai zuwa in Allah ya yarda. Ban gaya wa Sumayya ba tukuna, sai na ji jirgi ya tashi da kai a ciki. An ce za a killace ku a wani otal a Bukit Bintang kafin a sake ku. Ka roƙe su ɗaki mai taga ta bakin titi, kuma kada ya yi sama da yawa. Kak Rohana ta ce za ta kawo mu, mu tsaya a tsallaken hanya in ɗaga maka Walida. Ta ce za ta yi maka tapau, wato ƙunshi, na shinkafar kwakwa a miƙa wa masu gadi, ko da yake ta kuma ce akwai maganar da za ta gaya maka in kun haɗu, kuma ban hana ta ba.

Kayan da ke akwatin ka bar wa Anti Bilki ta ba mabuƙata, babu wanda zai yi wa Walida. Tana rarrafe yanzu, haƙoranta na ƙasa sun fito, kuma goshinka ne sak. Sai dai ka shirya: ba ta saba ganin fuskar namiji a buɗe ba, duk wanda ta gani da takunkumi ta gan shi. Za ta ga gemunka ta tsala ihu ta ƙanƙame ni. Kada ranka ya ɓaci. Ka zauna a ƙasa, kada ka miƙa hannu, ka yi magana kawai. Muryar ta sani. Za ta zo da kanta.

Ni ma na ƙudurta zan ja aji na kwana biyu, amma ban yi wa kowa alkawarin zan iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar maka da ƙarfin ƙirjinka. Allah ya saka wa Malam Nuhu da Anti Bilki da Kak Rohana da mafificin alheri. Ya buɗe hanya, ya sauke ka lafiya, ya yaye wa duniya wannan annoba, ya haɗa duk wanda aka raba da nasa. Waɗanda suka tafi ba su samu dawowa ba, Allah ya ji ƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Amin.

Ka sa rigar sanyi har cikin jirgi, kada ka ce ka warke.

Taka,
Maman Sumayya
Cheras, Kuala Lumpur